Anar: Faifan da aka naɗa a Sakkwato, ya fito da makaɗin Abzinawa idon duniya

A kasuwar Darki da ke Ƙaramar Hukumar Wudil a Jihar Kano, kamar sauran kasuwannin da ke bakin babbar hanya, ba a rasa matashin da ya kafa tebur a ƙarƙashin laima, da kwamfutar tafi-da-gidanka da 'yar lasifika, yana tura wa jama'a waƙoƙi da finafinai a waya. Direba ya miƙa memori, mai kayan gwari ya miƙa nasa, a cika masu da abin da ake yayi, su biya kuɗi ƙalilan su wuce. Waƙar da ta shiga memori a nan tana iya kwana a Birnin Kudu, gobe ta wayi gari a Bauchi ko Maiduguri. Sau da yawa kafin ta isa can sunan mai ita ya goge, sai wata lamba ko laƙabin da mai turawa ya ga dama ya rubuta.

Ta irin wannan hanya ce wani kundin waƙoƙi da aka naɗa a Sakkwato a shekarar 2008 ya ratsa hamadar Sahara, daga waya zuwa waya, har ya faɗa hannun wani Ba'amurke a arewacin Mali. Sunan kundin Anar. Mai shi kuwa wani matashin Ba'abzine ne ɗan Jamhuriyar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani a yau da Mdou Moctar, kuma jaridun Amurka da Turai ke lissafa shi cikin gwanayen kaɗa jita na wannan zamani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, faifan da ya fara fito da shi rabinsa kiɗan Abzinawa ne, rabinsa kuma sautin situdiyon Hausa ne, irin wanda kowa ke ji a finafinan Kannywood, wanda kuma masu ji da kansu a harkar kiɗa suka daɗe suna yi wa kallon raini.

Daga wayar birkin keke

Mdou Moctar ɗan asalin Jihar Tawa ne, yankin Abalak da Cintabaraden, ya taso a gidan da ba a maraba da kiɗa saboda riƙo da addini, lamarin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya girma a ƙasar Hausa. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayoyin birkin keke. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa. Wanda ya fara cusa masa sha'awar abin shi ne marigayi Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jita na Abzinawan Nijar, wanda ya rasu a 2020.

Shi wannan kiɗa yana da tarihinsa. Ya samo asali ne daga matasan Abzinawa da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980. A can suka ɗauki jita suka ɗora mata karin waƙoƙinsu na gargajiya, suna rera begen gida da kukan halin da al'ummarsu ke ciki. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ce ta fi shahara a wannan fage, har ta ci lambar Grammy a 2012. Kiɗa ne mai natsuwa: jita biyu ko uku, tafi, da ganga guda, wadda sau da yawa kwaikwayon tande take yi, wato turmin da matan Abzinawa ke rufe wa baki da fata su kaɗa. Zuwa 2008 salon ya riga ya zauna, yana da ƙa'idojinsa da manyansa, kuma matashin da ke son a san da shi sai ya bi sahu.

Mdou bai bi sahun ba, ya nufi kudu. Ga mutumin Tawa, Sakkwato ba nisa: a bi ta Birnin Ƙonni, a tsallaka iyaka a Illela, sai birnin Shehu. Hanya ce da fatake da almajirai da masu neman magani suka saba bi tun kafin a shata iyakar.

Abin da ya tarar a situdiyo

Idan ana maganar kiɗa a ƙasar Sakkwato, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne kotso da taushi da kalangu, da sunaye irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace. Sai dai a 2008 abin da ke cikin ƙananan situdiyoyin birnin, kamar na Kano da Kaduna da Jos, wani abu ne daban: fiyano, kwamfuta, makirfo ɗaya, da ɗaki mai ƙunci da aka manna wa soso a bango.

Wannan sauti shi ma haɗin gambiza ne tun daga tushe. Tun wajen shekarun 1950 gidajen sinima na 'yan Lebanon suka fara nuna finafinan Indiya a Arewa, Hausawa suka karɓe su hannu bibbiyu, har masu begen Annabi suka riƙa aron karinsu suna ɗorawa a kan bandiri. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai aka buƙaci waƙar da za a yi rawa da ita kamar yadda Indiyawa ke yi. Babu kuɗin tara makaɗa ashirin, don haka fiyanon Yamaha ya maye gurbinsu: mutum ɗaya ya danna ya fitar da ganga da sarewa da goge. Waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 na cikin waɗanda suka tabbatar da salon a kunnen jama'a. Shi ne ake kira nanaye, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda ya samu.

Daga baya wata manhaja ta shigo ta ƙara masa wani launi. Sunanta Auto-Tune, wani kamfanin Amurka ne ya fitar da ita a 1997 domin gyara muryar mawaƙin da ya ɗan kauce wa kari. Aikinta shi ne ta saurari murya, ta ja ta zuwa ga sautin da ya fi kusa a ma'aunin kiɗa. Idan an saita ta a hankali, mai sauraro ba zai ma san an yi gyara ba. Idan kuwa aka ƙure saurinta, sai ta hana murya zamewa daga wani sauti zuwa wani, ta riƙa tsallake da ita kamar mai hawa matakala, muryar ta fito tana karkarwa kamar ta ƙarfe. A Turai an ɗauki hakan a matsayin abin ado na lokaci-lokaci, tun bayan da mawaƙiya Cher ta yi amfani da shi a 1998. A situdiyoyin Arewa kuwa ya zama gishirin miya, kusan babu waƙar da ke fita ba tare da shi ba.

Wannan shi ne abin da Mdou Moctar ya shiga ya tarar, kuma bai ce a kashe masa shi ba.

Yadda haɗin ya zauna

Wanda ya saurari Anar zai ji abubuwa uku da ba a saba jin su tare ba. Akwai jita marar lantarki, ana kaɗa ta da yatsu a salon Abzinawa, tana zagaye a kan ɗan gajeren kari tana komawa. A ƙarƙashinta akwai gangar na'ura, mai bugu daidai wa daida ba gaggawa ba jinkiri, irin ta waƙoƙin fim. A sama kuma muryar saurayi ce da harshen Tamashek, an bi ta da Auto-Tune har ta koma kamar ana busa ta ta cikin bututu, tana rera soyayya da kewa.

A ƙa'ida bai kamata su jitu ba. Daɗin kiɗan Abzinawa yana cikin rangajinsa ne, yadda tafi da ganga ke ɗan jan ƙafa kamar tafiyar raƙumi, ita kuwa na'ura ba ta san rangaji ba. Amma akwai dalilan da suka sa abin ya zauna. Na farko, karin waƙar Hausa da na Abzinawa galibi a kan sautuka biyar suke tafiya, ba bakwai irin na Turawa ba, saboda haka mai haɗa kiɗan da ya saba da muryoyin Hausa bai buƙaci sauya kunnensa ba. Na biyu, mawaƙan ɓangarorin biyu suna son lanƙwasa murya a ƙarshen baiti, kuma a daidai wannan lanƙwasa ce manhajar ke nuna kanta, ta mayar da ita wani ado mai kama da guɗa. Da gangar ta tsaya cak a kan bugunta, sai jitar ta samu sararin yin nata rangajin a kai, saɓanin ya zama shi ne abin sauraro.

Akwai kuma dalili na uku, wanda ya shafi kasuwa fiye da fasaha. Lasifikar ƙaramar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri, tana cinye shi, ta bar na sama mai kaifi. Kiɗan da aka naɗa da manyan kayan aiki domin manyan lasifikoki yakan rame idan ya shiga irin wannan waya. Muryar da aka bi da Auto-Tune kuwa, da ƙarar gangar na'ura, tsaf suke fita, ko a cikin hayaniyar tasha. Masu situdiyon Arewa sun daɗe da gane wa suke yi wa aiki: mai acaba, da mai shayi, da matar aure a tsakar gida, kowa da wayarsa. Anar ya gaji wannan dabara, shi ya sa ya yi tafiyar da faifan Abzinawa da yawa da aka naɗa a Paris ba su yi ba a cikin Sahara.

Ba a buga kundin a kaset ko faifan CD an kai kasuwa ba a lokacin. Ta bulutut da memori ya bazu, a Nijar da Mali da kudancin Aljeriya.

Daga Kidal zuwa Portland

Wajen 2009 zuwa 2010 wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya zauna a Kidal da ke arewacin Mali yana tattara kiɗa. Ya lura cewa taskar waƙoƙin yankin tana cikin wayoyin mutane, sai ya shiga musaya da su: ya ba su abin da ke kwamfutarsa, ya kwashi abin da ke memorinsu. Daga cikin abin da ya tara ya zaɓi wasu ya fitar a faifan garmaho a 2011, ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds da ke birnin Portland, da sunan Music from Saharan Cellphones, wato kiɗa daga wayoyin Sahara. Waƙar da ta fi jan hankalin masu saye ita ce Tahoultine, ɗaya daga cikin waƙoƙin Anar.

Kafin a sayar da faifan sai da Kirkley ya yi aikin da mai tura waƙa a kasuwa ba ya yi: ya bi diddigin masu waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya domin a biya su haƙƙinsu. Haka ya gano Mdou, ya je Nijar ya same shi, ya kai masa jitar lantarki ta bahagwai. A 2013 suka fitar da Afelan, wanda aka naɗa a Cintabaraden, sannan a 2014 aka buga Anar a faifai a karon farko, shekara shida bayan naɗa shi. A 2015 Mdou ya fito a wani fim da aka ɗauka a Agadas, wanda aka gina a kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. Sunan fim ɗin da Tamashek yana nufin ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, domin a cewar masu shirya shi harshen ba shi da kalma guda ta wannan launi.

Shi dai Kirkley bai tsaya ga Abzinawa ba. Sautin situdiyon Hausa ya ja shi har Kano, kuma a 2013 kamfaninsa ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa a faifan garmaho domin masu saye a Amurka da Turai. Ɗan hakin da aka raina a gida, sai ga shi ana sayar da shi da dala.

Inda ƙarar ta shigo

Mdou Moctar da duniya ta sani a yau ya sha bamban da na Anar. Tun daga Ilana: The Creator na 2019, wanda aka naɗa a Detroit, zuwa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, waɗanda kamfanin Matador ya fitar, kiɗansa ya koma na jitar lantarki mai ruri, da ganguna masu gudu kamar ana kora. Ƙungiyarsa mutum huɗu ce: shi, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun a jita mai kaurin murya. Jigon waƙoƙin ma ya faɗaɗa, ya koma kan mulkin mallakar Faransa, da yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit alhali garuruwan Nijar na cikin duhu, da barazanar da harshen Tamashek ke fuskanta.

Wannan ruri ne ya sa masu sharhi ke kwatanta shi da Jimi Hendrix da Eddie Van Halen, ya kuma jawo masa masoya daga cikin masu sauraron kiɗan da Turawa ke kira metal, ma'ana ƙarfe. Kiɗa ne da ya tsiro a birnin Birmingham na Ingila, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Ana ƙure ƙarfin na'urar ƙara sauti har muryar jita ta dusashe ta koma gurnani, kuma a reshensa mafi tsanani mawaƙin ma gurnanin yake yi maimakon rerawa. Mdou ba ɗan wannan gida ba ne, ya kuma sha faɗa a hirarraki cewa bai taso da sauraron kiɗan Turawa ba. Ƙararsa daga bukukuwan aure na Agadas ta fito, inda ake kiɗa a fili da janareta da ƙananan lasifikoki, dole a ƙure su kafin na baya ya ji.

Duk da haka, masu sauraron metal sun san irin labarin Anar a cikin gidansu. Mutane ne masu tsananin kishin tsarkin salo, kuma faifan da ya gauraya shi da wani abu yakan sha suka kafin a dawo a yaba masa. Da ƙungiyar Sepultura ta Birazil ta fitar da Roots a 1996, inda ta haɗa gurnanin jita da gangunan ƙasarta da waƙar ƙabilar Xavante, magoya bayanta rabuwa suka yi biyu, amma yau ana lissafa shi cikin faifan da suka sauya fagen. A Afirka ma ana yi: ƙungiyar Arka'n Asrafokor ta birnin Lome ta ɗora metal a kan gangunan Ewe a kundinta Zã Keli na 2019, Duma ta Nairobi kuma ta gauraya shi da kiɗan na'ura a 2020. Bambancin shi ne waɗannan da gangan suka yi, suka kuma sanar. Na Sakkwato kuwa haɗuwa ce ta baƙo da masu gida, kowa ya kawo abin da ya iya, ba wanda ya raɗa wa abin suna.

Me ya sa aka manta da shi

A Turai da Amurka, inda ake son jin Ba'abzine da rawani da jita da labarin hamada, Auto-Tune bai dace da hoton da aka riga aka zana ba. Masu sharhi kan ambaci Anar a layi ɗaya a matsayin abin mamaki na farkon tafiya, su wuce zuwa faifan da suka fi ƙara. A Najeriya kuma harshen ne ya yi masa katanga, ga shi bai biyo ta hannun 'yan kasuwar fim na Kano ba, waɗanda a lokacin su ke yanke abin da zai shiga kunnen jama'a. Ya faɗa tsakanin gida biyu. Wannan rashin adalci ne ga kundin, domin a cikin ayyukan Mdou babu wanda ya kai shi ƙarfin hali: a sauran ya ƙware ne a abin da wasu suka fara, a wannan kuwa ya yi abin da ba a saba ji ba.

Akwai kuma wanda aka fi mantawa da shi. Labaran da ake bugawa a kan mawaƙin galibi sunan Sakkwato suke ambata su wuce, alhali rabin abin da ya sa Tahoultine ta kama kunne aikin wanda ya zauna gaban fiyano da kwamfuta ne. Haka tsarin yake a Arewa har gobe: mai haɗa kiɗa ana biyan sa kuɗin zama ɗaya, ya miƙa aiki, shi ke nan. Ba takardar yarjejeniya, ba rajista, kuma sau da yawa ba a ajiye asalin naɗin, domin idan kwamfuta ta cika gogewa ake yi a samu wurin na gaba. Idan waƙar ta yi kasuwa bayan shekara biyar a wata ƙasa, ba shi da abin da zai nuna.

Najeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, wadda ta shafi ayyukan da ke yawo a intanet, Nijar ma tana da ofishinta na kare haƙƙin masu fasaha. Sai dai doka tana aiki ne da suna da shaida, su kuwa su ne abin da ke fara ɓacewa a tsakanin situdiyo da teburin mai tura waƙa. Ba a kuma iya ɗora wa matashin da ke ƙarƙashin laima laifin duka, tunda ba don irinsa ba da Anar bai bar Sakkwato ba.

A watan Yulin 2023, lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum aka rufe iyakokin Nijar, Mdou da abokansa suna rangadi a Amurka, suka kasa komawa gida na wani lokaci. A zaman jiran ne suka shiga situdiyo a New York suka sake naɗa waƙoƙin Funeral for Justice da jita marar lantarki, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice. Shi ne aikinsa na baya-bayan nan da ya fi kusa da natsuwar Anar, sai dai babu gangar na'ura a ciki, babu kuma muryar ƙarfen nan ta Sakkwato.